Lambuna a Leeds: rubutun abin da na shuka, abin da ya mutu da abin da muka ci

Asabar, 15 ga Fabrairu 2025

Na karɓi makulli yau. Tun ƙarshen 2023 na sa sunana a layin masu jiran fili, lokacin ba mu daɗe da sauka Leeds ba, har na manta ma na taɓa cike fom ɗin sai ga saƙo wai an samu rabin fuloti in har yanzu ina so. Ga wanda bai sani ba, a nan Ingila hukumar gari tana da filaye da take yankawa ta ba mazauna haya su noma abin da za su ci, alotment suke ce masa, kuma tsohon tsari ne don tun 1908 akwai dokar da ta ɗora wa hukuma samar da su in jama'a sun nema. Cikakken fuloti wajen murabba'in mita 250 ne, nawa rabinsa. Sharaɗinsu ba a noma don sayarwa, ba a kwana a ciki, in kuma ka bari ya koma daji wasiƙa za su aiko maka daga nan su karɓe su ba na bayanka.

Haya da kuɗin ruwa na shekara fam 52, ajiyar makulli fam 20.

Abin da ya kai ni kuwa zaman banza ne. Aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, ranakun hutu kuma wallahi ban san yadda zan yi da kaina ba, in yara sun tafi makaranta maman yara ta tafi nata aikin sai ni da waya da bango. A Funtua bayan la'asar ba ka ma tunanin inda za ka, ƙafarka ce za ta kai ka majalisa. Nan kuwa mutumin da bango ɗaya ya raba mu fiye da shekara muna tare, abin da ke tsakaninmu ɗaga hannu ne kawai. Burina na bana guda ɗaya ne: miyar taushe wadda kabewarta da alayyahunta da yakuwarta duk daga wannan filin suka fito.

Na kira Baba na faɗa masa, sai da ya yi dariya har yana tari. Ya ce “kai da sai an haɗa da bulala kake bin mu gona, yanzu kuɗi kake biya a ƙyale ka ka duƙa?” Na ce Baba ai nan hutu ne. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, na duƙe tsohon ciniki.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Filin ya sha zama ba a taɓa shi ba. Ƙaya, tsoffin kafet da wani ya shimfiɗa don kashe ciyawa sun ruɓe sun haɗe da ƙasa, kwalabe, da wata ciyawa dangin kiri-kiri mai farar saiwa wadda ko ɗan yanki ka bari sai ta dawo. Ƙasar laka ce mai nauyi, ta jiƙe sharkaf, tana kama shebur. Na sayi shebur da manjagara na hannu fam 14, takalmin ruwa fam 12. Fartanya irin tamu mai gajeriyar ƙota babu ita a shagunansu, tasu doguwa ce a tsaye ake aiki da ita, bayana bai yarda da ita ba tukun.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama. Bana da sauƙi, wajen awa goma sha uku ne kuma ba ƙishi. Ina zuwa bayan azahar in yi tono kaɗan in dawo kafin shan ruwa.

Maƙwabcina na hannun dama wani dattijo ne ɗan asalin Jamaica, tun yana yaro aka kawo shi ƙasar nan. Ya daɗe yana kallona ina fama da laka sannan ya ce in daina kashe kaina, in samo kwali in shimfiɗa a kan ciyawar in zuba taki mai kauri a sama, duhu zai kashe ta tsutsa kuma su yi min huɗar. Gaskiya a raina na ce wannan ai noman ragwaye ne, amma rabin filin na yi yadda ya ce rabi kuma na ci gaba da tonawa, mu ga wanda zai fi. Takin doki ake kawowa bakin ƙofa daga wani gidan dawaki, kana jefa fam ɗaya a gwangwani duk baro.

Laraba, 12 ga Maris

Na zuba iri a cikin gida. Kuɓewa, yakuwa, lalo, alayyahu, tumatir. Wasu sun ce me ya sa ban sa an ƙullo min iri daga gida ba, to doka a nan tana neman takardar lafiyar tsiro kafin a shigo da irin shuka daga ƙasa irin tamu, ni kuma mai zaman biza ba na wasa da mutanen filin jirgi. A intanet na saya duka fam 17. Kuɓewar na jiƙa ta kwana ɗaya kafin in shuka, na ɗora robobin a kan taga saman hita don ba ta tsira sai ta ji ɗumi sosai. Attaruhu an ce min na makara, masu yi tun Janairu suke zubawa saboda jinkirinsa, sai dai in sayi dashe.

Maman yara ta ce na mayar mata da falo fadama.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Kuma a daren ne aka tura agogo gaba da awa ɗaya, mutane da yawa sun zo idi a guje, wani ma ya tarar an sallame. Ba aikin lambu yau. Mun ci tuwo da wasu 'yan Kano da Zariya da ke unguwar Harehills, yara suka yi wasa a Roundhay Park har yamma. Kuɓewa ta tsira, yakuwa ma, lalo shiru.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na sayi rumfar leda ta hannu a Facebook, mita uku da biyu, fam 40, wani abokin aikina ya taya ni ɗaukowa da motarsa na zuba masa mai na fam 10. Mun kafa ta ni da babban yarona, na binne gefen ledar cikin rami. Na dasa albasa 'yan ƙanana a waje, su ba ruwansu da sanyi. Rana ake ta yi ba ruwan sama, tsofaffin wurin sai cewa suke ba su saba ganin bazara haka ba.

Alhamis, 1 ga Mayu

Zafi yau kamar ba Ingila ba, a Landan an ce ya haura digiri 29. Kuɓewar ta yi tsawo ta fara ramewa a taga tana neman haske, sai na raba ta biyu, rabi na dasa a cikin rumfa rabi na bari a gida. Na dasa yakuwa kaɗan a waje a gefen da na yi wa kwali.

Talata, 6 ga Mayu

Jiya hutun banki ne kuma ranar da 'yan ƙwallon Leeds United suka zaga gari a buɗaɗɗiyar bas don sun ci gasar rukuni na biyu da maki 100 sun koma Firimiya. Ni tun ina gida wata ƙungiyar nake bi, amma yarona ya riga ya zama ɗan gari, shi ya ja ni. Jama'a kam ban taɓa ganin irinta a nan ba, mutanen da ko gaisuwa da ƙyar suke yi sai ga su suna rungume wanda ba su sani ba, wani ƙato ya ɗaga min yaro a kafaɗa don ya hango. Mun dawo ƙafafu sun yi tsami.

Da safen nan na je lambu na tarar da ɓarna. Daren ya yi sanyi, ma'aunin da na rataya a rumfa ya nuna ya sauka har digiri 3. Kuɓewar da na dasa duk ta langaɓe, ganyen ya yi baƙi-baƙi ya yi laushi, in ka taɓa karan sai ka ji ruwa-ruwa daga gindi. Yakuwar waje ita ma ta tafi in ban da guda biyu da ke jikin shinge inda iska ba ta bugu ba. Abin da ke ruɗar mutum a ƙasar nan shi ne rana za ta yi zafi har ka cire riga, amma in sama ta washe da dare duk ɗumin sai ya gudu, leda kuma zafin rana take tarawa ba ta riƙe shi har asuba. Wata tsohuwa baturiya mai fili a layin bayana, wadda ta ce mahaifinta ya riƙe fuloti a wurin tun lokacin yaƙin duniya na biyu, ta zo ta duba ta ce a Yorkshire, yankin da Leeds take ciki, ba a fitar da shuka mai jin sanyi sai Mayu ya ƙare, ko rana ta yi yaya. Ta ba ni wani farin yadi mara nauyi da ake lulluɓa wa shuka da dare, ta ƙi karɓar ko sisi. Ta kuma ba ni damin rubab, wani kara ja mai tsami da wannan yankin ya yi suna wajen nomansa, ta ja min kunne kada a ci ganyen don guba ne. Maman yara ta tafasa shi da citta da sukari ta sa a firij, wallahi ya yi.

Saura rabin da ke taga. Ba za su fita ba sai Yuni.

Talata, 13 ga Mayu

Ba maganar lambu ake ba a wurin aiki. Jiya gwamnatin Keir Starmer ta fitar da takardar shirinta kan baƙi, wai za a daina ɗauko ma'aikatan kula da tsofaffi daga waje, kuma shekarun jiran takardar zama na dindindin za su iya komawa goma maimakon biyar. Kowa na lissafi a waya, wasu har sun fara maganar Kanada. Ni da ma ina da niyyar sayen ɗan itacen tuffa in dasa a ƙarshen filin, an ce sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya yi 'ya'yan kirki. Na fasa tukun. Na je na yi ban ruwa na zauna har kusan magariba.

Laraba, 28 ga Mayu

Ruwa ya sauka a ƙarshen makon da ya wuce bayan dogon fari, da shi kuma dodon koɗi suka fito, masu kwanso da waɗanda ba su da shi, na biyun sun fi ɓarna. Layin alayyahu guda suka share a dare ɗaya, ba su bar komai ba sai yauƙi mai sheƙi a ƙasa. Dattijon Jamaica ya ce in gode Allah, bara da aka yi ta ruwa sau uku yana sake shuka. Maganin da aka saba da shi mai ƙarfi an hana shi tun 2022 saboda yana kashe tsuntsaye da bushiya, yanzu sai mai sinadarin ƙarfe, na saya fam 6. Shi kuma giya yake zubawa a gwangwani ya binne su faɗa ciki su mutu, na ce masa ni kam ba zan shiga shago in sayi giya don dodon koɗi ba, in wani ɗan garinmu ya gan ni da kwalba me zan ce masa? Ya yi ta dariya, ya ce yis da sukari a ruwa ma yana yi. Na gwada, yana yi ɗin.

Hasbiyoyinsu kuma manya ne masu ƙiba, ba sa tsoron mutum. Raga fam 9.

Litinin, 2 ga Yuni

Na dasa sauran kuɓewa da lalo da attaruhu guda uku (fam 7.50) a rumfa. Kabewa, yakuwa da sabon alayyahu a waje.

Lahadi, 8 ga Yuni

Babbar sallah ta wuce ranar Juma'a. A nan ba ka yanka a ƙofar gida, wurin mahauci kake ba da kuɗi a yanka a mayanka ka je ka karɓo nama a leda, ni dai na tura kuɗin rago gida na sayi kilo kaɗan a nan. Maman yara ta yi soye na kai wa tsohuwar nan da dattijon a roba. Ita ta ce yajin ya kusa kashe ta amma ta cinye, shi kuma ya ce ai bai ji yaji ba sam.

Asabar, 21 ga Yuni

Rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da minti arba'in, kafin biyar saura kuma gari ya waye tas. Tsakanin isha'i da asuba ɗan guntun barci ne, ranar da ba ni da aiki na ma daina komawa gado bayan asuba, lambu nake wucewa. Tun 12 ga wata hukumar muhalli ta ce Yorkshire ta shiga fari. Ɗan Funtua dai yana jin ana cewa fari alhali ciyawa da sauran korenta, amma madatsun ruwansu sun ja baya da gaske.

Wani abu da na lura: gefen kwali ya fi riƙe danshi nesa ba kusa ba, ciyawa ma kaɗan ce. Gefen da na tona da ƙarfina ya bushe ya tsattsage. Dattijo bai ce komai ba, kallona kawai yake yana murmushi.

Akwai wani bawan Allah ɗan Bangladesh can ƙasan layi da ya leƙo rumfata ya ga lalo ya tsaya cak, ashe su ma suna ci, alayyahu ma suna da ja da kore. Yanzu kusan kullum da yamma mu uku ko huɗu muna haɗuwa a bakin tankin ruwa kowa da butarsa, hirar ba ta wuce ruwa da tsadar kaya da gwiwar dattijo da ke ciwo. Ni nake zuwa da shayi a filas, mai citta da kanumfari.

Juma'a, 11 ga Yuli

Daga yau an hana ban ruwa da tiyo a Yorkshire. Mu da ma a wurinmu ba a yarda da tiyo ba, daga tanki ake ɗiba, sai dai layi ya ƙaru kuma tankin a hankali yake cika. Alayyahu ya yi kyau sosai, mun fara yanka. Lalo ma. An yi miyar lalo da tuwon semo, ƙaramar yarinyar da ba ta taɓa ci ba ta ce santsi ya yi yawa.

Lahadi, 27 ga Yuli

Kuɓewa ta yi fure, ta fara 'ya'ya. Darɓa ta kama ƙarƙashin ganyen attaruhu, ina wankewa da ruwan sabulu.

Talata, 5 ga Agusta

Iskar da suka sa wa suna Floris ta bugo jiya, ƙarfinta a Scotland ne amma mu ma mun samu rabonmu. Ina wurin aiki ina jin ta a taga hankalina na kan rumfa. Da na sauka ko gida ban je ba. Ledar ta yage daga ƙofa har tsakiya, ƙarfe ɗaya ya lanƙwashe ya danne kuɓewa biyu ya karya su daga gindi, sauran sun tsira. Matsalar rumfar mai araha ƙarafunta siraran bututu ne da ake cusa wani cikin wani, in iska ta samu ƙofar shiga sai ta ɗaga ta daga ciki. Mutumin Bangladesh ɗin nan ashe tun da yamma ya ga tana kaɗawa ya ɗora mata bulo huɗu ya ɗaure da igiya, ba don haka ba da a filin wani zan tsince ta. Salatif mai ƙarfi fam 8, turaku fam 5. Mun gyara tare, ya ƙi tsayawa ko shayi.

Litinin, 25 ga Agusta

Dattijo ya gayyace mu bikin mutanen Karibiyan da ake yi a unguwar Chapeltown duk hutun ƙarshen Agusta, tun 1967 suke yinsa. Mun je da rana, mun ga masu ado da fuka-fukai da ganguna na ƙarfe, kiɗan har a ƙirji kake jinsa. Shigar wasu dai sai kawar da kai, maman yara ta ce ya isa, muka sayi gasasshiyar masara muka kamo hanya. Yaran kam sun so a tsaya.

Asabar, 6 ga Satumba

Yakuwa ta kai ƙuguna, ganye shar, amma ko alamar fure babu. Na yi ta jira ko zan samu zoɓo ko da na kofi ɗaya ne, sai da na bincika na gane ba laifin taki ko ruwa ba ne. Ita yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta ya dawo wajen awa goma sha biyu, shi ya sa a gida sai damina ta ja baya take yi. A Leeds kuwa yini ba ya sauka awa goma sha biyu sai ƙarshen Satumba, lokacin kuma sanyi ya riga ya shigo, kafin ta haɗa kai ta mutu. Wato a nan ganye kawai za a ci, zoɓo sai na shago. Ganyen dai ya wadata, mun yi fate sau da dama, an kuma wanke wani an sa a firiza.

Lahadi, 21 ga Satumba

An yi miyar taushe. Kabewa, alayyahu, yakuwa, albasa, tumatir da attaruhu duk na lambu, gyaɗa da manja da nama ne kawai na shago. Da waina aka ci. Na kira Inna a bidiyo ta ce in karkato tukunyar ta gani, ta ce kabewar ta yi ruwa, in gaya wa maman yara ta ƙara gyaɗa. An ƙara. Na kai wa mutanen bakin tanki nasu a kula, tsohuwa ta nemi a rubuta mata yadda ake yi.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na tuge kuɓewa da lalo, sun gama. Na cire ledar rumfa na naɗe kafin iskar hunturu.

Lissafi: duk abin da na kashe har da iri na biyu, taki da ƙananan abubuwa ya kama wajen fam 240, in ka buga a naira kusan dubu ɗari biyar, kada wanda ya gaya wa Baba. Abin da aka samu: kabewa biyar, albasa rabin buhu ƙarami, alayyahu da yakuwa har da kyauta, attaruhu cikin kwano ɗaya yawanci bai nuna ba na kai taga, kuɓewa kuwa duka-duka ba ta fi miya biyu ba. Maman yara ta ce da kuɗin rumfar kaɗai da mun ci kuɓewar shagunan Harehills har mu gaji. Gaskiyarta, amma baɗi ma zan shuka.

Na gaba: tafarnuwa a ƙarshen watan nan don tana son ta sha sanyi kafin ta yi kai, kwali da taki a ɗaya gefen da na tona, attaruhu a taga tun Janairu, rama a maimakon rabin yakuwar tunda ganye ake ci. Kuɗin hayar baɗi na ware shi. Ranar 26 za a mayar da agogo baya, daga nan kafin biyar duhu ya yi, zuwa lambu sai ranakun hutu da hantsi. Itacen tuffa an ce daga Nuwamba ake samun masu araha waɗanda ake sayarwa da saiwa a waje ba tukunya, fam 20 zuwa 25. Dattijo ya ce in na saya zai nuna min yadda ake yi masa aski, na ce masa bari in ga albashin Nuwamba.